Awa Ɗari da Ashirin a Titin Sajan

Duk wanda ya ce muku Sajan tana da haƙuri, ku tambaye shi ko a unguwar nan yake kwana. Matar nan in ta ɗaga murya a bakin shataletale, majinyatan da ke asibiti can ƙarshen titi sai sun gyara kwanciya. Ba soja ba ce, ko ɗan sanda ba ta taɓa aura ba. Mai shara ce. Direbobin tasha ne suka laƙaba mata Sajan tun ranar da ta bi wani kwandasta har cikin motarsa a kan ɓawon ayaba ɗaya tal, ta sauko da shi, ta tsaya a kansa sai da ya tsince da hannunsa, fasinjoji suna tafi. Ainihin sunanta kuwa, ina jin ita kanta sai ta duba katin aiki take tunawa.

Shekara ashirin da shida tana share titi guda, daga shataletale zuwa ƙofar asibiti, gefe da gefe. Ta kama aikin ne a watan da mijinta ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya, ɗakin haya, da wata rediyo wadda sai an mare ta take magana. Tun daga nan bayanta ya lanƙwashe. Yau in ta miƙe tsaye sai ka ji ƙas ƙas kamar ana karya itace.

Kuma kada ku ce shara ai shara ce. Ku faɗa a gabanta ku gani. Ita sai ta fara yayyafa ruwa daga wani galan da ta huda wa murfi da ƙusa, don kada ƙura ta tashi ta sauka a kan kayan mutane. Sannan ta tsaya ta ji daga inda iska take busowa, ta juya mata baya. Ba ta taɓa tura shara cikin kwata ba, wanda ya yi haka a wurinta ɗan ta'adda ne. Tsintsiyarta ita take ɗaure abarta da robar tayar keke. In ta gama, sai ka ga ƙasar gefen titi layi-layi kamar kan da aka taje, har ka ji nauyin takawa.

Maƙiyinta a duniya guda ɗaya ne: Mai Firij. Shagonsa ne mai ƙofa uku a tsakiyar titin. Mutum ne mai tumbi, irin tumbin da yake riga mai shi shiga shago da minti biyu. Duk ranar da aka sauke masa kaya, sai a farke kwalaye a watso farin soson nan da ake cusa wa firij a ciki. Wanda bai taɓa share wannan abin ba bai san wahala ba. Ka kai masa tsintsiya ya tashi sama, ka juya ya sauka a bayanka, ka taka shi ya marmashe ya zama dubu. Shekara goma sha ɗaya tana yi masa magana, amsarsa ɗaya ce, kuma ko kallonta ba ya yi: "Ke mai shara, in ba mu zubar ba me za ki ci?"

To rannan wani mai baro ya ɗauko masa firij daga tasha, baron ya faɗa rami, firij ya ɗan karce. Karcewar da sai ka sa tabarau biyu za ka gan ta. Mai Firij ya zaro katakon da ake tokare ƙofa ya sauke wa bawan Allah a hannu. Ƙashi biyu suka tafi. Mutumin da da hannun nan yake ciyar da baki shida. Da rana tsaka aka yi, a gaban jama'a, babu wurin musu, sai kotu.

Ranar yanke hukunci Sajan ta ɗaura sabon zaninta. Ba ta je kotun ba, a titi ta tsaya jiran labari, tana cewa yau za ta ji ko ƙofar gidan yari tana da faɗin da tumbin nan zai wuce. Kuma tana da dalilinta. Ɗanta Dogo, mai facin taya a bakin tasha, ya taɓa shiga can. Faɗa aka yi a kan layin lodi, shi kallo ya tsaya, aka kwashe har da shi. Wata goma sha tara yana jiran shari'a. Fayil ɗinsa ya ɓata sau biyu. Ranar da aka gano shi, alƙali ya duba ya ce babu abin tuhuma, ya tafi gida. Ya tafi gida! Ko "yi haƙuri" babu. Dogo ya shiga yana wasa da kowa, ya fito da tari, in zai ci abinci sai ya kare kwano da hannu, yarinyar da zai aura kuwa har ta yi goyo a wani gidan.

Sai ga labari ya iso: wata shida, amma ba zai shiga ba. An ajiye masa wata shidan a gefe. Zai ɗauki nauyin maganin mai baro, sannan ya yi wa jama'a aikin awa ɗari da ashirin. In ya yi, shi ke nan. In ya yi wasa, a ɗauke shi a kai shi ya cinye wata shidansa cif.

"Wane irin aiki?" in ji Sajan.

"Shara," in ji mai shayi, yana janye butarsa baya, don ya san abin da zai biyo.

Jama'a, na ga fushi iri-iri, amma fushin da zai tashi tantabaru daga kan wayar lantarki sai ran nan na gan shi.

Washegari shugaban masu shara ya zo da wata jami'a daga ofishin kotu, siririya, da fayil a hammata. Kafin azahar unguwa ta sa mata suna 'Yar Fayil. Yarinya ce mai ladabi, ta rusuna ta gaishe da Sajan, ta fara bayani.

"Mama, sabon tsari ne. Gidajen yari sun cika, kuma wanda ya shiga da ƙaramin laifi sau da yawa da babba yake fitowa. Ba mu kaɗai ba ne, ƙasashe da dama suna gwada wasu hanyoyin. Wani wurin na'ura ake ɗaura wa mutum a ƙafa ya zauna gida, in ya wuce inda aka iyakance masa ta kai ƙararsa. Wani wurin tara ake ci daidai da samun mutum, don mai hali ya ji a jikinsa yadda talaka zai ji. Wasu kuma zaunar da mai laifi suke yi da wanda ya cuta, ido da ido..."

"'Yar nan, dakata. Ni ban yi boko ba, ki bi ni a hankali. Mutum ya karya hannun mutum."

"Haka ne, Mama."

"Alƙali ya zauna ya buɗe littattafansa, ya nemo abin da ya fi kusa da gidan yari muni a duniya, ya samo shara."

"A'a Mama, ba haka..."

"Awa ɗari da ashirin, na hannu guda ke nan. To ni da na yi shekara ashirin da shida, gari nawa na ƙona? Mutum nawa na yanka? Duba fayil ɗin nan naki ki gaya mini, in san ranar da za a sake ni."

Shugaban masu shara ya kama kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Kuma shi wannan sabon tsarin naku, ina ya shiga lokacin da nake kai wa ɗana sabulu ana yanka sabulun gida huɗu a bakin ƙofa wai ana neman reza? Sai da aka zo kan mai tumbi duniya ta waye?"

Amma takardar da aka kawo mata ta karɓa, don a titinta Mai Firij zai yi sharar. Da 'Yar Fayil ta zo kan bayaninta, sai idon Sajan ya kawo wuta. Layi talatin ne a jiki, kwana talatin, awa huɗu kullum, daga shida zuwa goma na safe. Duk ranar da ya yi aikinsa, Sajan za ta dangwala babban yatsanta a layin ranar. Babu yatsa, babu rana. In aka samu rana uku babu yatsa, sai gidan yari.

Sajan ta ɗaga yatsan nan sama ta zagaya da shi kowa ya gani. Yatsa ne da tsintsiya ta mayar kamar icen ƙirya. "Kun gan shi? Shekara goma sha ɗaya yake jira."

Ranar farko shida saura kwata Mai Firij ya iso. An ba shi rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi, ta ƙi haɗuwa a gaba, daga wannan gefen zuwa wancan sai ka hau mota. Ya ɗan duƙa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Hajiya? Jiya ke mai shara, yau Hajiya? Yaushe ka biya mini jirgi ban sani ba?"

"To... Yaya."

"Ba mu sha nono ɗaya ba."

"To me zan ce?"

"Kada ka ce komai. Kama."

Ita lissafinta makara zai yi. Mutumin da bai taɓa ganin fitowar rana ba sai a kalanda, ina zai iya shida? Ashe tsoro ya fi agogo. Ko sau ɗaya bai makara ba. Wasu sun rantse a cikin mota yake kwana da rigar a jikinsa.

Sharar ce dai, wayyo Allah. Ya riƙe tsintsiya kamar wanda aka ba maciji ya riƙe wa wani. Ruwa bai yayyafa ba. Ya fuskanci iska ƙiri-ƙiri ya kama dukan ƙasa. Ƙura ta tashi ta rufe burodin mai shayi, ta shiga shagon tela ta mayar da farin yadi ruwan ƙasa, rabi kuma ta dawo cikin hancinsa. Abin da ya samu ya tara sai ya tura kwata da ƙafa. Minti goma ya jiƙe sharkaf yana huci kamar tsohuwar tirela a kan tudu.

Sajan ta cije, ta cije, ta kasa.

"Kawo nan, ɗan asara! Buɗe idonka, haka ake yi."

Ta nuna masa taku goma ta mayar masa. Washegari ta nuna masa taku hamsin. Rana ta huɗu wata ma'aikaciyar jinya tana wucewa ta dubi titin ta ce, "Sajan, lafiya kuwa? Ko tsufa ne ya fara?" Wannan maganar da mashi aka soka mata da ya fi mata sauƙi. Titin da duk gari aka san nata ne, a ce ana wucewa ana toshe hanci? Ran nan rabin titi ta "nuna masa." Zuwa rana ta goma aikinsa ya koma riƙe galan. Rana ta goma sha biyu ya zuba mata ruwan a ƙafa, ta ce, "Je ka zauna can, ɓata mini aiki kake yi." Ya kife bokiti ya zauna a gindin shagonsa.

Gaskiya dai, ko ba na son mutumin, sau biyu na ji yana cewa, "Ki bari in taɓa mana, kada a samu matsala." Ta ce, "Matsalar ai kai ne. Zauna."

Ga inda kan masu shara ya sha bamban da na kotu. Su a wurinsu titi ake sa wa hannu, ba mutum ba. Tun da aka fara aikin haka suke yi: in ɗaya ta kwanta ciwo, 'yan uwa su share mata nata, a dangwala a takarda, ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Tambayar ɗaya ce: titi ya sharu ko bai sharu ba? Saboda haka kullum ƙarfe goma Sajan za ta tsaya a shataletale ta hango har ƙofar asibiti, ta ga fes, ta buɗe tawada ta dangwala. Tana zaginsa tana dangwalawa. Yatsa goma sha shida reras. Matar da ta rantse ita za ta kai shi gidan yari, ita ce take cinye masa hukuncinsa da bayanta mai ƙas ƙas, ko a jikinta.

Rana ta goma sha bakwai mai baro ya zo. Hannu a naɗe da filasta, rataye a wuya. Wata biyu bai tura baro ba, matarsa ce take wankau suke ci. Mutane ne suka ce masa ya je ya ga wanda ya karya shi yana shara, ko ransa ya yi sanyi. Ya zo ya tarar da Mai Firij a kan bokiti yana latsa waya, tsohuwa a duƙe tana yi. Sannan ya ciro wayarsa da hagu ya ɗauki hoto, ya matso kusa da ita.

"Gwaggo, har da ke?"

"Har da ni me?"

"An ce mini ba za a ɗaure shi ba, na haƙura. An ce zai duƙa a gaban jama'a kwana talatin, na ce to ko wannan. Shi kaɗai aka ba ni, Gwaggo. Shi ma kin karɓe."

Ya juya ya nufi ofishin kotu.

Kafin azahar labari ya gama unguwa: Mai Firij ya saye Sajan da firij. Kafin la'asar firij ya zama biyu. Washegari an ƙara mata janareta da fanka, wata ma ta rantse da idonta ta ga ana shigar da su. Matar da ko mitar wuta babu a ɗakinta, a randa take sanyaya ruwa.

'Yar Fayil ta zo fuska babu annuri, ta karɓe takardar, ta ce jibi alƙali yana son ganin su duka. Tana tafiya shugaban masu shara ya ja Sajan gefe.

"Saurara, Sajan. Hanya biyu ce. Ki ce shi ya ƙi aiki, ya yi miki barazana, babban mutum ne, kika ji tsoro kika sa hannu. Kowa zai yarda, ai an san halinsa. Shi ya tafi wata shidansa, ke ki wanke, maganar firij ta mutu. In kuwa kika ce ke kika hana shi, to kin amsa da bakinki cewa kin sa hannu a kan ƙarya a takardar kotu. Ba zan iya kare ki ba. Mafi sauƙi a cire ki daga titin nan a kai ki bayan kasuwa, wurin masu kifi."

"Ni? Tsoro? Na wannan buhun?"

"Ai ba gaskiya na ce ki faɗa ba, mafita na ce. Ba ke kike son a ɗaure shi ba? To ga shi Allah ya kawo miki har gida."

Da rana ta wuce wurin Dogo. Yana duƙe a kan wata taya yana neman huji a cikin ruwan baho. Ta zauna a benci ta zazzage masa komai, tana yi tana tsinewa: alƙali, 'Yar Fayil, ƙasashen da suka ƙirƙiro tsarin, da wanda ya fara ƙera firij. Dogo bai ɗago ba sai da ya ga kumfa, ya soka tsinke a wurin.

"In kin tura shi, Inna, ki gaya masa ya tafi da bargo. Kuma ya roƙi Allah kada a ba shi wurin kwana kusa da bokiti. Sabon shiga can ake ajiye shi."

"Ni na ce ka ba ni shawara a kan bargo?"

"Ai ba ki tambaye ni komai ba."

"Mutumin nan ya karya hannun talaka! Ko shekara aka ba shi bai biya ba!"

"Haka ne." Ya yi tarinsa, ya goge baki da bayan hannu. "Ni dai abin da na sani, ranar da aka kwashe mu, wani ne ya nuna ni ya ce har da wannan, don a sake shi. Har yau muna gaisawa. Shi ma ya samu mafita."

Sajan ta miƙe kamar an tsikare ta. "Don ubanka, ni kake haɗawa da wannan ɗan iskan?"

"Allah ya jiƙan Baba, bai yi miki komai ba."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, ta tafi tana faɗa ita kaɗai har shataletale. Masu babur suna kauce mata.

Ranar kotu Mai Firij ya zo da jakar kayansa, ko da za a wuce da shi. A cikin kwana biyu tumbin ya sauka har rigarsa ta samu wurin numfashi. Mai baro yana gefe ɗaya, 'Yar Fayil ta miƙa hoto da takarda. Alƙali, wani dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, ya duba, ya ɗago.

"Baiwar Allah, tambaya ɗaya zan yi miki. Shi ya ƙi aikin, ko hana shi aka yi?"

Sajan ta gyara mayafinta.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan mugu ne."

"Ba ita na tambaya ba."

"Azzalumi ne, marar mutunci, shekara goma sha ɗaya yana zuba mini farin soso. In ka ɗaure shi yau, wallahi rawa zan taka daga nan har tasha." Ta ja numfashi. "Amma bai ƙi ba. Ni na ƙwace. Sau biyu ya ce in ba shi, na ce ya zauna. Kuma ko allura bai ba ni ba, masu cewa firij su zo su nuna mini inda zan jona shi."

"Me ya sa kika ƙwace?"

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin sharar mutumin nan? Da ka gani da kai ma ka cire rigar nan ka karɓa. Ku kuka zauna a nan kuka ce shara hukunci ce, kowane jaki zai iya, kuka turo mini shi ba ku tambaye ni ba. To sana'a ce! In ɓarawo ya yi sata gobe, za ka ce ya zo ya zauna a kujerarka ya yi alƙalanci awa ɗari da ashirin?"

Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya yi tarin da ba tari ba ne. Alƙali ya daɗe yana rubutu, ina jin dariyarsa yake binnewa a cikin takardar.

Hukunci ya fito kamar haka: kwana goma sha shidan nan an soke su, Mai Firij zai faro daga ɗaya. Daga shida zuwa goma Sajan ba za ta taɓa tsintsiya ba, ko da titin zai nutse. Mai baro kuma, in yana so, ya zo kullum ya zauna ya gani, shi ma ya sa hannu kusa da nata. Mai Firij ya fashe da kuka ya nufo ta zai durƙusa.

"Kada ka taɓa ni! Ba don kai na yi ba. Gobe shida, kuma in ka tura mini ko tsinke a kwata sai na sa ka shiga ka ciro da haƙori."

Kwana talatin ɗin nan, wanda bai gani ba ya yi asara. Sajan a kan bencin mai shayi, ta danne hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinya don kada su kai ga tsintsiya. Mai baro a gefenta. Da ta motsa sai ya ce, "Gwaggo, hannu." Bakin ne kawai alƙali ya manta bai hana ba.

"Ruwa tukuna, kan kabewa! Iska tana ina? A bayanka za ka sa ta, a bayanka! Duƙa! Ka duƙa mana, ƙugun gwal ne da kai?"

Ya duƙa. Hannunsa ya yi ƙanta ya fashe, ya sake yi. Ya share soson shagonsa da kansa, yana bin sa yana tashi, direbobi suna masa kirari. Ranar ashirin da wani abu mai baro ya yi dariya har ya manta ya buga hannun a benci. Ba zan ce sharar ta yi kyau ba, kada Allah ya kama ni. Amma ya yi ta, awa ɗari da ashirin, ba ragi. Ranar ƙarshe Sajan ta dangwala, mai baro ya dangwala, 'Yar Fayil ta rufe fayil. Mai Firij bai ga ko ƙofar gidan yari ba.

Takardar canja wa Sajan wurin aiki kuwa tun mako na biyu take jira a ofis. Shugaban masu shara bai yi ƙarya ba. Litinin ɗin da ta biyo baya aka mayar da ita bayan kasuwa, inda ruwan kifi yake kwanciya, ƙudaje kuma sai sun ba ka hanya kake wucewa. Shekara ashirin da shida, ko taron sallama babu.

Ba a yi wata ba sai ga allo an kafa a shataletale, ƙato, ya fi ƙofar shago. Ofishin kotu ne suke tallar sabon tsari, wai ya yi nasara. Hoton wa ke jiki? Mai Firij, da rigar ƙyalli, ya rungume tsintsiya yana murmushi kamar ango. A can ƙasan kusurwa, in ka matsa sosai, za ka ga gwiwar hannun wata mata a kan benci. Iyakar abin da ya shiga na Sajan ke nan.

Mai shayi ne ya je har bayan kasuwa ya kai mata labari, don shi ma ba ya iya riƙe magana. Ya tarar da ita a duƙe tana kankare ɓawon kifi daga siminti, masu kifin sun jeru a bango tsuru-tsuru kamar 'yan makaranta, an riga an yi musu ta safe.

"Tsintsiyar da ya riƙe a hoton," in ji ta ba ta ɗago ba, "kanta yana sama ko yana ƙasa?"

"Yana sama."

"Allah ya isa. Kwana talatin ina tsage maƙogwarona." Ta watsa ruwa, ya yi tsalle baya. "Matsa, kana tsaye a kan aikina."